Kamfani ya ce a sa manhajar bibiya a wayar ma'aikaci: ina iyakarsa?

Ɗan Kasuwar Singa: Salamu alaikum 'yan uwa. Kamfanin rarraba kaya ne ya umarci masu fita talla su sa wata manhaja a wayoyinsu, don a san shagunan da suka zagaya. Wayar ta ma'aikaci ce, da kuɗinsa ya saya. Doka ta yarda? Kuma me manhajar ke iya gani?

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam. Sunan manhajar ba shi ne abin dubawa ba, izinin da ta nema ne. Ka shiga saitin waya, ka buɗe manhajar, ka duba izininta. A wajen lokeshin, idan aka zaɓi "ko yaushe", tana biye da kai har gida, har masallaci, har asibiti ranar Lahadi. Ka mayar da shi "sai ana amfani da manhajar". Wasu manhajojin za su ƙi aiki a haka, wannan kuma ya nuna maka manufar masu ita.

Mafi haɗari shi ne izinin karanta allo, wanda asalinsa don masu larurar gani aka yi shi. Manhajar da ta samu wannan tana iya karanta abin da ke kan allonka, har hirar WhatsApp da shafin banki. Aikin talla ba ya buƙatarsa.

Kamfanin da ya san abin da yake yi, ɓangaren aiki yake buɗe maka a Android, wato wani keɓaɓɓen wuri a cikin wayar don manhajojin aiki kaɗai. Za ka ga manhajojin aikin da 'yar alamar jaka a jikinsu. Ikonsa a nan ya tsaya: ba ya ganin hotunanka da saƙonninka, in ka bar aiki ɓangaren kaɗai zai goge, kuma kana iya kashe shi da an tashi. Amma in an ce sai an goge wayar gaba ɗaya kafin a saita ta, to wayar dukanta ake son karɓewa. Kada ka yarda.

Hajiya Lauya: Malam ya gama da na'ura. Sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya, sannan ga dokar kare bayanai ta 2023 da ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Ba ta hana bibiya ba. Ta dai ce a faɗi dalili a sarari, a tsaya iya abin da dalilin ke buƙata, kada a ajiye bayanan fiye da ƙima. Sanin ko an je shago ƙarfe goma dalili ne. Inda mutum ya kwana fa?

Takardar amincewa da ake sa ma'aikata hannu ba ta cika kare kamfani ba, domin shi ne zai tabbatar ba a tilasta kowa ba, kuma wanda ke tsoron sallama da wuya a ce da son ransa ya sa hannu. Ku rubuta musu wasiƙa: me ake tarawa, wa ke gani, tsawon wane lokaci? Ku riƙe kwafi. In sun yi biris, ku kai ƙorafi NDPC. In an kori mutum a kan haka, kotun ma'aikata ta ƙasa ce wurin zuwa.

Baba Manaja: Hajiya, a yi wa kamfani adalci ma, akwai masu cika rahoton zagaye suna kwance a gida. Mafita mai sauƙi ita ce kamfani ya sayi wayarsa, bibiya ta tsaya da an tashi aiki. Lokeshin ko yaushe ma batir da data yake ci. Wa ke biya?