Ralantin Hilux ɗina yana hawa yana sauka, in canza anjekta ko in kama hanya?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hilux ce ta esansi, inji 3RZ, ƙirar 2002. Da safe lafiya lau take tashi. Da ta yi zafi, in tana ralanti, wato inji yana aiki mota tana tsaye, sai allurar juyin inji ta haura 1500, ta faɗo ƙasa da 500, wani lokaci ta mutu a mahaɗa, musamman in na kunna kilim, na'urar sanyi. A kan gudu ba ta da laifi. Makon jiya na canza buji huɗu da filtar iska. Makanikena ya ce anjekta ne, masu fesa wa inji mai, a sayo huɗu na hannu, jika 80. Asabar ina da lodin gero zuwa Tanut. In biya ko in tafi haka?

Na Mirya: Wa alaikumus salam. Canza buji kawai.

Baban Hadiza: A ɗaure sukurun kafireta kaɗan, shi ke nan.

Ɗan Birni: Baba, ba ta da kafireta ai. Buji kuma sababbi ne.

Alhaji na Zango: Ɗana, kar ka ba kowa ko dala. Bara irin wannan ta same ni. Aka ce anjekta, na saya. Aka ce famfon mai, na saya. Aka ce kwamfutar motar ce, na aika Kano aka kawo. Sama da jika 300 suka tafi, mota tana nan yadda take. Ana saura kwana huɗu layya ta mutu mini bayan Tanut da raguna tara a baya, rana tsaka, ba inuwa. Biyu ba su kai gida ba. Ka san abin da ya lalace? Wani ɗan tiyon iska ne ya tsage a ƙarƙashin bakin totur, inda iska take shiga inji. Yaron gareji ya ji shi yana huci, ya yanko wani ya sa, dala ɗari. Wanda ya ci kuɗina har yau muna haɗuwa a masallaci, bai taɓa cewa in yi haƙuri ba.

Na Mirya: Allah ya mayar da alheri, Alhaji.

Mai Kanti: Jika 80 ta yi yawa. Ni 45 na sayo huɗu.

Direban Magarya: 45? Waɗanda aka wanke aka sa a leda ke nan. Na kirki guda ɗaya ya fi jika 30.

Usta Garin Malam: Shekara 22 ina wannan aiki. Anjekta in ya toshe, a kan gudu ma za ka ji tana shaƙewa. Taka a tsaye take yi. A jikin bakin totur na 3RZ akwai ɗan bawul mai ba inji iska lokacin da ƙafarka ba ta kan totur. Ƙurar hunturu da hayaƙin mai suna daskarewa a ciki, ya riƙa maƙalewa. A kwance a wanke shi. Kafin nan, mota tana ralanti, fesa maganin wanke kafireta kan tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙarar inji ta canza, nan take shan iska. In mota ta yi zafi ya kamata allura ta zauna wajen 700.

Injiniya Ƙarami: Usta, da girmamawa, zamanin kunne ya wuce. A sa mata na'urar gano laifin mota. Zai iya zama na'urar zafin ruwa ce ke yi wa kwamfuta ƙarya.

Usta Garin Malam: Yaro, na'urarka tana ganin tsagaggen tiyo?

Alhaji na Zango: Masu na'urar ne suka ce in sayi kwamfuta.

Direban Magarya: Ku bar Ɗan Birni, motarsa ta ji labarin hanyar Tanut ne gabanta yake faɗuwa.

Mai Kanti: Ni tambayata, ina kake shan mai? In na kwalba ne a bakin titi, kar ka nemi wani dalili.

Baban Hadiza: Kar a ɗora wa 'yan ruwa-ruwa komai. Shekaru muna sha, motoci suna tafiya.

Mai Kanti: Wancan zamanin ne, Baba. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 ribar ta ragu, wasu suka koma gauraye. Ni da idona na ga ruwa kwance a gindin kwalba.

Na Mirya: Litarsu ma ba ta cika.

Ɗan Birni: Usta, wankin bawul ɗin zai ƙare kafin Juma'a? Kuma nawa ne?

Direban Magarya: Lita ba ta cika a kwalba kaɗai? Je ka wani gidan mai da galan ka auna.