Finafinan tsoro na ƙaramin jari: wanne ne ya hana ku barci?

Ɗan Sabon Gari

Assalamu alaikum jama'a. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa game da finafinan tsoro da na fargaba waɗanda aka yi da kuɗi kaɗan. Na lura cewa waɗanda suka fi zama mini a rai yawancinsu irin waɗannan ne, manyan da ake zuba wa miliyoyin daloli kuwa da na kashe talabijin sun wuce.

Nawa shi ne Paranormal Activity. Wani mutum mai suna Oren Peli ya ɗauke shi a cikin gidansa na San Diego a Amurka, da kuɗi kusan dala 15,000, kuma ya tara sama da dala miliyan 190 bayan an sake shi a sinimomi a 2009. Ni a waya na kalle shi, ni kaɗai a ɗaki, bayan an ɗauke wuta. Kusan rabin fim ɗin kyamara ce a girke tana kallon miji da mata suna barci, agogo na tafiya a gefen hoton. Babu dodo, babu jini. Sai ƙofa ta ɗan motsa. Wallahi motsin ƙofar nan ya fi tayar mini da tsigar jiki a kan duk wani dodon kwamfuta da na taɓa gani. A daren ban iya juya wa ƙofar ɗakina baya ba.

To ku fa? A ina kuka kalla, da wa, me ya kama ku, me kuma ya sa kuka ce wannan ɓata lokaci ne?

Uwar Biyu

Wa alaikumus salam. Ni tsorona na farko na gida Najeriya ne, zamanin kaset. Maƙwabtanmu a bariki suna da bidiyo, mu yara mu cika falo har bakin ƙofa. A nan na ga Living in Bondage, wanda ya fito a 1992 da harshen Ibo. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma na gane mutumin ya sadaukar da matarsa don ya yi kuɗi, kuma fatalwarta ta hana shi sakat. Hoton duk ya yi dishi-dishi saboda kaset ɗin ya sha kallo, sauti yana hawa yana sauka. Abin da ya kama ni shi ne gidajen cikin fim ɗin irin namu ne, kujerun irin na falon da nake zaune a kai. Fatalwar Turawa tana can cikin gidan katako da dusar ƙanƙara, wannan kuwa tana iya biyo ni har gida. Ranar sai da yayana ya raka ni tsallake tsakar gida.

Mai Ɗaukar Biki

Anti kin taɓo wurin. Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki da tacewa, don haka idan ina kallon irin waɗannan finafinan idona yana kan yadda aka yi aikin. Bari in ɗan tsawaita.

Abu na farko da nake aunawa sauti ne. Ku gwada wannan: ku ɗauki wurin da ya fi ba ku tsoro a kowane fim, ku kashe murya ku sake kallo. Yawanci za ku ga babu komai. A fim ɗin da Ɗan Sabon Gari ya ambata, kafin wani abu ya faru akwai wani gurnani mai kauri da ake sakawa can ƙasa-ƙasa. Mai kallo bai ma san yana jin sa ba, amma jikinsa ya riga ya koya cewa idan wannan sautin ya zo, akwai matsala. Wannan ba ya cin kuɗi, kunne mai kyau yake so da haƙuri wajen tacewa.

Na biyu, duhu. Mai ƙaramin jari ba shi da kuɗin gina dodo mai kyau, to dabararsa ita ce ya ɓoye shi. Halloween na 1978 misali ne da nake yawan komawa gare shi. Kusan dala 300,000 aka kashe. Fuskar da makashin yake sawa a shago aka saye ta ƙasa da dala 2, mai kamannin wani jarumin talabijin ce, aka shafa mata farin fenti aka faɗaɗa ramukan ido. Kiɗan fiyanon da kowa ya sani, darakta John Carpenter ne ya tsara shi da kansa. Labarin yana faruwa a kaka ne amma an ɗauka a bazara a Kalifoniya, sai suka riƙa watsa busasshen ganye a titi, in an gama su tattara su kai wuri na gaba. Duk da haka idan mutumin nan ya tsaya cak a bayan shinge yana kallo, ba ka tuna da ko ɗaya daga cikin wannan.

Inda nake raba gari da fim shi ne idan darakta ya kasa haƙuri. Minti goma da farawa ya fito da aljanin a tsakar rana, an shafa masa hoda da jan baki, idanu an yi musu ja da kwamfuta. Shi ke nan ya kashe kansa, domin duk abin da ido ya gama ƙare wa kallo ya daina tsoronsa.

Baba Na Maraɗi

Yaro ka yi magana mai ma'ana, amma ban yarda da kai duka ba. Mu da muka taso da finafinan Indiya mun san 'yan gidan Ramsay. 'Yan'uwa bakwai ne, kowa da aikinsa: Tulsi da Shyam suna bada umarni, wani yana riƙe kyamara, wani sauti, wani rubutu, wani tacewa. Haka suka riƙa rage kashe kuɗi tun daga 1972. Su ba sa ɓoye dodo ko kaɗan. A Purana Mandir na 1984 ƙato ne suka fito da shi, fuska duk a kumbure, ga hayaƙi, ga jan haske, ga tsawa. A gidan kallo na gan shi, muna kan benci, janareta na ƙara a waje. Da dodon ya fito sai da wani ya faɗo daga benci, masu sayar da gyaɗa suka watse.

Yau idan ɗana ya gani dariya zai yi. Amma a lokacin taron ne yake ƙara abin. Mutum ɗaya ya yi ihu, sauran duk sun ɗauka. Ku da kuke kallo a waya kowa shi kaɗai, irin tsoronku daban ne da namu. Don haka idan za a yi wa fim hukunci, a tambaya don wane irin zama aka yi shi.

Mai Ɗaukar Biki

Gaskiya ne Baba, na karɓi wannan. Fim ɗin taro da fim ɗin kaɗaici ba mudu ɗaya ake auna su da shi ba.

Hajiya Malama

Ni abin da ya same ni daban ne, kuma har yanzu yana damuna. Ƙanwata ta turo mini wani fim ɗin Turkiyya na aljanu, irin waɗanda suka yi yawa tun bayan fitowar Dabbe a 2006. Ba su da tsada, ƙauye ne da tsohon gida da kyamara mai rawa. Na tsorata ƙwarai, ba zan ɓoye ba, domin abin da suke nunawa mun san shi: sihiri da aka binne, mace ta faɗi tana magana da wata murya, malami yana ruƙiyya. Amma ban ƙarasa ba. Ayoyin Alƙur'ani ake karantawa a tsakiyar ihu da jini da kiɗa, an mai da su kayan tsoratarwa. Zuciyata ba ta natsu da hakan ba, na kashe.

Daga baya na ga wani na harshen Farisa, Under the Shadow, na 2016. Labarin uwa da 'yarta ne a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, makamai masu linzami suna faɗowa, maƙwabta suna ta guduwa ɗaya bayan ɗaya har ginin ya rage su biyu. Yarinyar ta ɓatar da 'yar tsanarta, ta ce aljani ne ya ɗauke. A Jodan aka ɗauki fim ɗin, kusan duka a cikin gida ɗaya. Aljanin ba komai ba ne illa mayafi da iska ke kaɗawa. Wannan na kalle shi har ƙarshe, kuma ya fi wancan taɓa ni nesa ba kusa ba, domin tun kafin aljani ya shigo na riga na damu da matar nan: an hana ta komawa karatun likita, mijinta yana fagen yaƙi, barci ya gagare ta. Idan ban damu da mutanen cikin fim ba, ko me zai cinye su ba ruwana.

Direban Dare

Hajiya sannu, maganarki ta ƙarshe ita ce tawa. Ni direban babbar mota ne, kuma wanda ya riƙe mini numfashi babu aljani a cikinsa sam. Sunansa Buried, na 2010. Direba ne ɗan Amurka da ke aiki a Iraƙi, ya farka ya tsinci kansa a cikin akwatin gawa an binne shi da rai, daga shi sai waya da ƙyastu. Daga farko har ƙarshe, kusan awa ɗaya da rabi, kyamara ba ta fita daga akwatin ba. Mutum ɗaya kake gani, sauran muryoyi ne a waya, wannan ya ce jira, wancan ya ce kira wata lamba, caji yana ƙarewa.

A tasha na kalle shi cikin mota muna jiran lodi. Wajen tsakiya sai na ji kan motar ya yi mini ƙunci, na buɗe ƙofa na sauka na sha iska. Duk musulmi yana tunanin kwanciyar kabari, fim ɗin nan ya sa ni a ciki ina numfashi. Na yi ta istigfari a hanya washegari.

Ɗan Sabon Gari

Allah ya sa mu cika da imani, Malam Direba. Ina karanta ku duka. Har yanzu ba wanda ya kawo wanda ya ba shi haushi.

Ɗalibar Zariya

Yaya ni zan kawo, kuma na san wasu za su ji haushina. The Blair Witch Project bai tsorata ni ba. Na karanta tarihinsa kafin in kalla: ya fito a 1999, kuɗin ɗaukarsa kusan dala 60,000, ya tara kusan miliyan 250, 'yan wasan uku su suka riƙe kyamara da kansu a dajin Maryland, kuma an tallata shi a intanet kamar da gaske ɗaliban cikin fim ɗin, da suka shiga daji bin labarin wata mayya, sun ɓace. Muka haɗu a ɗakin kwananmu na makaranta da rana tsaka, ana hira ana cin abinci. Abin da muka gani mutane ne suna faɗa a kan taswira, kyamara na girgiza har wata ta ce kanta na juyawa. Mayyar ba a nuna ta ba ko sau ɗaya. Da ya ƙare wata ta ce, shi ke nan?

Ina ganin waɗanda suka gan shi a 1999 suna zaton gaskiya ne, wannan zaton shi ne rabin tsoron. Mu mun zo bayan an yi ta kwaikwayonsa, kuma mun san wasa ne.

Uwar Biyu

'Yata, da rana cikin hira ai kin zalunci fim ɗin. Sake gwadawa da dare ke kaɗai, ki sa abin ji a kunne. Wurin da suke cikin tanti suna jin muryoyin yara a daji, da wurin ƙarshe da mutumin ya tsaya yana fuskantar bango, su ne fim ɗin. Rashin nuna mayyar kamar dodon tatsuniya ne, kaka ba ta taɓa faɗa mana kamanninsa ba, kowane yaro shi ya ƙera nasa a kansa, kuma nasa ya fi na kowa muni.

Ɗalibar Zariya

To Mama, zan gwada in dawo in ba ku labari. Amma girgizar kyamarar nan ko da dare ba na jin zan yafe mata.

Mai Gyaran Waya

Ni a shagona nake tura wa mutane finafinai, don haka ina ganin abin da ake nema. Matasa suna yawan tambayar na tsoro masu fassarar Hausa. Na kalli ɗaya da na riga na sani a asalinsa, sai na ga mai fassarar ya cika duk wurin da aka yi shiru da surutu da barkwanci. Shirun nan kuwa da gangan aka bar shi, a nan tsoron yake taruwa. Fassarar ta taimaki wanda ba ya jin harshen ya gane labari, ban musa ba, amma a fim ɗin tsoro ya kamata mai fassara ya san inda zai kama bakinsa.

Wani abu kuma, iyaye a kula. Yaro ɗan firamare ya taɓa zuwa da wayar babarsa yana neman wanda ya fi kowanne jini. Ban tura masa ba. Yawancin masu arhar da ba su da labari da jini suke cike gurbi, a yanka wannan a sare wancan, kuma su ne suka fi yawo a wayoyin yara.

Hajiya Malama

Allah ya saka maka da alheri da ka hana shi. A ajina akwai yarinyar da ta yi ta firgita cikin barci, da aka bincika a wayar yayanta ta gani.

Mai Ɗaukar Biki

Amin. Ga masu son gwada wani na kusa-kusa, akwai Host na 2020, wanda aka yi a Birtaniya lokacin kullen korona. Gaba ɗayansa hira ce ta Zoom, bai kai awa ɗaya ba, kuma 'yan wasan kowa a gidansa ya saita haskensa da kyamararsa, darakta yana ba su umarni daga nesa. A kwamfuta ya fi daɗin kallo, saboda fuskar fim ɗin ita ce fuskar kwamfutarka, idonka yana ta zagaye ƙananan tagogin yana neman wanda abu zai ɓullo a bayansa. Ni da abokan aikina muna shirin gwada gajere na minti goma a wani tsohon gidan ƙasa mai zaure biyu, da fitilar ƙwai ɗaya da makirufo mai kyau. Abin da muke ta gardama a kai yanzu shi ne ko za a nuna abin a ƙarshe ko a'a. Baba Na Maraɗi, na san ɓangaren da za ka zaɓa.

Baba Na Maraɗi

Ku nuna shi, amma sau ɗaya, kuma kada ya wuce ƙiftawar ido. In kun gama ku turo mana nan mu gani.