Jinkirin magana ko bambancin harshe? Abin da masana suka ce

A wata tattaunawa da malaman harshe da na firamare suka yi a Sakkwato, an fi daɗewa kan yaron da bai buɗe baki da wuri ba. Ma'auninsu: kalmar farko wajen wata 12, kalmomi kusan 50 da haɗa biyu, irin "ba ni", wajen shekara 2. In yaro ya gaza haka, a fara da gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin ruwan da ke taruwa bayan dodon kunne yakan dushe sauti ba tare da ciwo ba.

Tashi da harshe biyu ba ya jawo jinkiri. Yaro mai Hausa da Fulfulde, a haɗa kalmominsa duka a ƙirga. Matsala ta gaske takan bayyana a harsunan biyu.

Ɗalibin da ke musanya "p" da "f" a Turanci kuwa lafiyarsa lau, Hausa ce ba ta raba su. Don ya gane bambancin, a riƙe masa takarda gaban leɓe: "p" za ta kaɗa ta da ƙarfi.

Mai in'ina kada a ƙarasa masa magana, balle a yi masa tsawa.