Ƙafar madubin leza tana rawa: roba zan sa ko me?

Ɗan_Yelwa:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina ajin ƙarshe a makanikal nan Bauchi, furojek ɗina a kan ƙafar da ake ɗora madubi ne a irin na'urar nan ta haɗa ƙwayoyin zarra da hasken leza, kamar NIF ta Kalifoniya a Amurka. Su can haske 192 suke juyawa da madubai har duk su faɗa kan abu ɗaya mai ɗauke da ɗan ƙwallon da bai wuce milimita 2 ba, kuma kuskuren saitin da aka yarda da shi wajen maikiron 50 ne (maikiron 1000 ne milimita 1), da kyar ya kai kaurin gashin kai. Ni nawa ɗan samfur ne, madubi ɗaya, ƙaramar leza, sai bango a nisan mita 10. To da maƙwabci ya tada janareta ko babbar mota ta wuce sai ɗigon ya kama rawa. Ina tunanin sa roba mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa, ya kuka gani?

Injiniya_Jekadafari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye robar nan tukuna. Abu na farko, madubi ninka laifi yake yi, in ya karkata da kusurwa ɗaya hasken da ya dawo biyu zai karkata. Lissafa da kanka, karkatar maikiroradiyan 1 (wato gocewar maikiron 1 a kowace mita) a nisan mita 25 ta cinye maikiron 50 ɗin nan gaba ɗaya, saura madubai nawa ne a hanya.

Na biyu kowane firam yana da saurin kaɗawarsa na kansa, taurinsa da nauyinsa ne ke yanke shi, to ranar da girgizar waje ta zo daidai da wannan saurin sai firam ɗin ya riƙa ƙara mata ƙarfi maimakon ya rage. Ƙaramin janareta 3000 yake juyawa a minti, wato 50 a daƙiƙa, babban na dizal 1500 wato 25. In ka ɗora doguwar ƙafa a kan roba ba tare da lissafi ba, kana iya sauko da naka saurin ya faɗa daidai wurin da bai kamata ba, kuma robar za ta bar kan ya riƙa lilo, wanda shi ne ainihin abin da madubi ba ya so. Ni dai shawarata tauri. Gajarta ƙafafun, yi amfani da fayif mai faɗi ba rodi ba, ɗaure su a gicciye su ba da kusurwa uku-uku, sannan ka cika cikin fayif ɗin da busasshen yashi. Ƙarfen da aka yi wa walda in ya fara kaɗawa ba ya saurin yin shiru, yashin ne zai shanye. Su ma NIF ɗin ai kankare suka haɗa da ƙarfe a ginshiƙansu.

Malama_Fiziks:
Injiniya ban yarda da kai duka ba fa. Laushi yana aiki, sai dai ya zama laushi na gaske da nauyi a kai. Teburan ɗakin gwaji a kan iska suke zaune, saurinsu 1 zuwa 2 a daƙiƙa, duk abin da ya fi haka sosai ba ya hawowa. Yaron nan zai iya zuba falan kankare da buhun Ashaka ɗaya, ya ɗora a kan tiyub ɗin keke napep da aka ɗan hura, ba tam ba. Sharaɗi ɗaya, leza da madubi da abin da ake haskawa duk su hau falan nan tare. NIF ba ta da wannan gatan don madubanta a warwatse suke cikin gini mai girman filin ƙwallon Amurka uku, dole kowa ya kafu.

Amma abin da ya fi damuna zafi ne, don shi ba ya rawa balle ka gani, ja yake yi sannu a hankali. Ƙarfe mita 1 yana ƙaruwa da wajen maikiron 12 a kowane digiri, alminiyon kusan ninki biyu. Ka ɗauka ƙafafunka mita 1 ne, tazararsu rabin mita, rana ta leƙo ta taga ta ɗumama ɗaya da digiri 1 kacal, ɗigonka a bangon mita 10 ya gusa kusan rabin milimita. Balle lokacin hunturu a Bauchi, asuba sanyi azahar zafi. Ka yi awonka da dare, taga a rufe, fanka a kashe.

Oga_Mai_Walda:
Ni ban yi boko mai zurfi ba amma ƙarfe na sani. Walda tana ja. In yaron shago ya bi gefe ɗaya ya zuba wuta har ƙarshe firam ya murɗe ke nan, sai a ɗiɗɗiga ko'ina tukuna sannan a riƙa bi gefe da gefe ana bari yana hucewa. Kuma ƙafa uku za ka yi ba huɗu ba, ta huɗun kullum tana neman ƙasa. Shi ma gilashin kar ka ɗaure shi da noti tamau, lanƙwashewa zai yi ko idonka bai gani ba.

Ɗan_Yelwa:
Allah ya saka da alheri. Malama to ya zan gane saurin firam ɗina ba mu da na'ura? Sannan in an zo tashar wuta ta gaske, wadda za ta samar da lantarki da irin wannan leza, lissafin ɗaya ne?

Injiniya_Jekadafari:
Bari in riga Malama. Wayarka tana da abin auna motsi a ciki, sauke manhajar phyphox, manna wayar a saman firam ka ɗan buge shi da gudumar roba, za ka ga inda layin ya yi tsini. In ya faɗa kusa da 25 ko 50 ƙara ɗauri ka sake bugawa.

Tashar wuta kuwa ta fi wuya nesa ba kusa ba. Harbin leza da NIF ta yi ran 5 ga Disamba 2022, da aka zuba makamashi megajul 2.05 aka samu 3.15, guda ɗaya ne, bayansa akwai sa'o'i na hucewa da sake saiti. Tasha za ta buƙaci wajen harbi 10 a daƙiƙa, ga famfunan sanyaya suna aiki a gefe, ga niyutiron, ƙwayoyin da ke fitowa in zarra ta haɗu, suna dukan madubin ƙarshe suna cin sa, ka ga harbin kansa ya zama tushen girgiza mai saurin 10. Ka ware wa wannan babi guda, kuma ka turo mana hoton awon kafin yashi da bayan yashi.