Hoton faretin soja a akwatin kakana: wa ya san wannan fili?

Jikan Saje, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan sadakar arba'in ta gwaggona muka buɗe akwatin ƙarfen da ta gada daga kakanmu. A ƙarƙashin carbi da lambar yaƙi sai ga wani hoto manne a kwali, ya yi ja-ja, kyankyasai sun ci gefe guda. Sojoji ne sahu uku, kowa da dara mai tuntu da gajeren wando, ƙafa ba takalmi, bindiga a kafaɗa. Can baya ana hango manyan laimomin sarakunan Asante. Gwaggo ta sha cewa babanta na cikin hoton fareti, ni kuwa ban taɓa cewa ta nuna min shi ba. Abin na cin raina. A ina ne wannan, kuma yaushe?

Tsohon Soja, Asawase:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan gwaggo. Kayan da ka faɗa na Gold Coast Regiment ne, rundunar sojan Ghana ta zamanin Turawa, wadda aka kafa a 1901 daga tsohuwar rundunar da ake kira ta Hausawa. Da Hausa ake magana a bariki, taken rundunar ma Hausa ne: Kullum Shiri. Dubi bayan sahun da kyau. In akwai katanga mai kauri, to gaban Kumasi Fort ne, tsohon sansanin soja na Kumasi, wanda Turawa suka sake ginawa a 1897. In fili ne fetal ga laimomi birjik, zuciyata ta fi kwanciya da bikin 1935, lokacin da aka maido da sarautar Asantehene, wato babban sarkin Asante, aka ba Prempeh na Biyu. Amma ka tuna an yi babban taro a 1925 ma, da Yariman Ingila ya zo.

Mai Hoto, Nima:
Baba ya yi bayani. Nawa na sana'a ne. Darar nan ja ce, amma za ka gan ta baƙa ƙirin, don gilashin hoton wancan zamani ba ya kama ja. Kuma kyamara mai ƙafa uku tana son a tsaya cak, shi ya sa soja ke fita tsaf, 'yan kallo masu motsi su fito dishi-dishi. Don Allah kada ka goge shi da ruwa, kada kuma ka kai a like shi da leda mai zafi. Juya kwalin ka duba hatimin mai ɗauka. Sannan ka je gidan tarihin soja da ke cikin Fort ɗin, ka gwada shi da hotunan da ke bango.

Jikan Saje, Aboabo:
Na gode Baba, na gode yaya. Ba katanga, fili ne. Na haska da fitilar waya, mutum biyu ne ke da igiya uku a hannun riga, ɗayansu da zane a kumatu irin na gidanmu. Ƙanwar kakan tana nan da rai a Sabon Zango, idonta bai mutu ba. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan kai mata, in sha Allah.