Waɗanda aka yi wa tiyatar rage nonon maza, ku taimaka mana da labarinku

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 27, tun ina aji uku a makarantar kwana ƙirjina ya taso kamar na mace, har yau bai koma ba. A makaranta sai dare nake wanka. A sansanin bautar ƙasa singileti biyu nake sakawa ƙarƙashin farar rigar nan, ga rana ga gumi. Yanzu an sa ranar aurena, abin ya hana ni barci. Duk wanda aka yi wa aikin, don Allah ya faɗa min gaskiya, har da marar daɗin.

Mai Shago a Kwari: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, an yi min shekara biyu da suka wuce. Likitan bai fara da maganar wuƙa ba. Ya matsa wurin da yatsu biyu, ya ce abin da yake ji mai tauri kamar roba a ƙarƙashin kan nono tsokar nono ce ta gaske, ba kitse ba, shi ya sa shekaru uku ina ɗaga ƙarfe bai ko motsa ba. Aka ɗebi jini don duba hanta, ƙoda da sinadaran jiki, aka yi hoton ƙirji da na maraina. Wannan na ƙarshen ya ba ni kunya, amma ya ce ƙari a maraina na iya kawo abin.

Ranar aiki an yi min allurar barci. Sun zuƙe kitsen gefe da siririn bututu, sannan suka yanka rabin zagaye a ƙasan baƙin da ke kewaye da kan nono, ta nan suka ciro tsokar. Kwana ɗaya na yi a gado, da 'yar roba mai fitar da ruwa da jini, washegari aka zare ta. Zafin bai kai yadda na zata ba. Abin da ya gallabe ni shi ne rigar matsi, mako shida dare da rana, kuma a watan Afrilu na Kano. Da zan sake, lokacin hunturu zan zaɓa. Kan nonona na hagu ya yi kusan wata huɗu ba na jin taɓawa, daga baya ya dawo. Bara na yi Umara, na ɗaura harami na buɗe kafaɗa ban duba kowa ba.

Malamin Firamare, Zariya: Ni ba a kai ga yanka ba. Nawa ya fara da ciwo ina ɗan shekara 46, wata kaɗan bayan an ɗora ni kan spironolactone saboda hawan jini. Likita ya canja min magani, a hankali ya sace. Ya lissafa min wasu masu yin haka: cimetidine na gyambon ciki, efavirenz na cutar ƙanjamau, da alluran ƙara ƙwanji da samari ke yi a gidajen ɗaga ƙarfe. Kada dai wani ya daina maganinsa da kansa.

Direban Maraɗi: Nawa labarin ba daɗi, amma shi ka nema. Neman sauƙin kuɗi ya kai ni wani ƙaramin asibiti, wanda ya yi min aikin ba fanninsa ba ne. Ya kwashe komai har ƙasa bai bar ko kaɗan a bayan kan nono ba, sai wurin ya loɓa kamar an danna kwano. Daren farko ɓangaren dama ya cika da jini ya yi tauri, sai da aka sake buɗewa. Ga shi jikina irin mai tabon nan ne da ke tasowa ya yi tudu, babu wanda ya tambaye ni, ni ma ban san zan faɗa ba. Har yau allura ake min a tabon. Ɗan'uwa, ka je asibitin koyarwa, Shika ko na Malam Aminu Kano, ka nemi likitan tiyatar gyaran jiki, ko layi zai kai ka wata nawa. Ka tambaye shi mutum nawa ya yi wa, ka nuna masa tsofaffin tabon jikinka.

Uwar Yara Huɗu: Ku yi haƙuri na shigo zancen maza. Ɗana mai shekara 14 ya daina cire riga a filin ƙwallo, ɓangare ɗaya ya kumbura yana ciwo. Shi ma aiki za a yi masa?

Mai Shago a Kwari: Hajiya, kai shi a duba, amma na balaga yawanci da kansa yake bajewa, tsakanin wata shida zuwa shekara biyu. Wanda ya daɗe ya ƙanƙare irin namu shi ne magani ba ya ci. Ki hana kowa matsa masa ko gasa masa da abu mai zafi, an yi min, ƙuna kawai na samu. Kuma ki tsawata wa 'yan uwansa kan tsokana, ita ta fi kumburin ciwo.

Ma'aikacin Jinya: Abu ɗaya zan ƙara daga abin da nake gani a wurin aiki. Maza ma suna kamuwa da sankarar nono, kusan ɗaya cikin ɗari na masu cutar. Kullutu mai tauri a ɓangare ɗaya, kan nono ya shige ciki ko yana fitar da jini, musamman ga dattijo, wannan ba na jira ba ne. Kuma ku tabbatar an kai abin da aka ciro ɗakin gwaji.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Mahaifina ne ke cewa canja halittar Allah ne.

Malamin Firamare, Zariya: Na taɓa kai wa malaminmu wannan tambayar. Ya ce gusar da aibu daban, neman ado daban, ya kawo hadisin Arfaja ɗan As'ad da aka yanke masa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ka ɗauki Baba ku je wurin malamin da ya yarda da shi, ya ji da kunnensa.

Ɗan Fagge: In sha Allahu ranar Litinin zan je in yanki kati. Yaya Mai Shago, saura wata biyar biki, zai ishe ni warkewa?

Mai Shago a Kwari: Ni na koma shago bayan kwana goma, ɗaukar dila kuwa sai da na cika mako shida. Kumburi bai gama sauka ba sai wajen wata uku. Idan za a yi, a yi da wuri, kuma ka faɗa wa likitan ranar bikin tun zuwan farko.