Wai rage ƙiba a zuci yake?

Auta: Assalamu alaikum 'yan gida. Ni fa na gano sirrin. Rage ƙiba daga zuciya yake. Kullum da safe ki hango kanki cikin atamfar da ta daina shigarki, ki gaya wa ranki kin riga kin rame, jiki zai bi. Kilo 6 na sauke tun Babbar Sallah da wannan tunanin.

Yaya Babba: Auta ke nan. Kin bar musu rabin labarin a aljihu. Waye ya daina shan lemon kwalba bayan kowace la'asar? Waye yake tashina da asuba wai in raka shi zagaye filin makaranta?

Anti Nas: Lemon kaɗai ya isa bayani. Kwalba mai santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kusan cokalin shayi 12 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum kada ya wuce kimanin wannan adadin a yini guda, in ya iya ma ya tsaya a rabinsa. Kin cire wannan kullum, kin ƙara tafiya, sannan ki ce mafarki ne ya yi aikin?

Auta: To me ya hana ni komawa lemon? Ba zuciyar ba ce?

Yaya Babba: Zuciya iri biyu ce. Akwai wata Bajamushiya masaniyar halayyar ɗan Adam, Gabriele Oettingen. A wani bincike da ta wallafa a 1991 ta bi wasu mata masu neman rage ƙiba a Amurka. Waɗanda suka yarda cewa za su iya sun rage sosai. Amma waɗanda suke zama suna hango kansu sun rame cikin sauƙi, ba wahala ba jarabawa, su ne suka fi ƙarancin ragewa. Daɗin mafarkin yana sa mutum ya ji kamar ya riga ya isa, sai ƙwazo ya yi sanyi. Shawararta ita ce ka hango burin, nan take kuma ka hango abin da zai tare ka, ka shirya masa tun kafin ya zo.

Kawu: Ai wannan ba baƙon zance ba ne. Wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Hadisin kasa ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, shi ma aiki ne ba buri ba.

Goggo: Ni dai maganar nan ta Auta ta taɓa ni. Shekara nawa ina fama da gwiwa, na sha shayin rage teɓa da nake saya a Facebook, ban samu komai ba sai zaryar bayi. Na yi azumin Litinin da Alhamis, na sauke, ya dawo har da riba. Yanzu kuma a ce zuciyata ce ba ta da kyau? Mu da muka tashi ana cewa mace mai jiki ita ce ta samu hutu, har ana dura wa amare sha-ka-fashe.

Auta: Wallahi Goggo ba haka nake nufi ba, ki yi haƙuri.

Anti Nas: Goggo, ba laifinki ba ne. Da yawa daga cikin shayin nan filasko ne a ciki, ruwan jiki yake zubarwa, kitsen yana nan daram. Kuma jiki yana ja da mai son rage shi. A wani bincike da aka wallafa a 2016 an sake gwada mutum 14 da suka rame sosai a wata gasar talabijin ta Amurka. Bayan shekara 6 yawancinsu ƙibar ta dawo, jikinsu kuma yana ƙona abinci ƙasa da yadda ya kamata da wajen kalori 500 a rana, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa. Ba sai kin koma kamar budurwa ba. Wani babban bincike na 2002 ya nuna masu dab da ciwon suga da aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Mai kilo 90, kilo 6 da ɗoriya ake magana.

Auta: Na ji, na janye batun atamfa. Amma ranar bikin gidan Kawu na ci waina bakwai da miyar taushe, na kora da zoɓo mai sukari. Da can sai in ce shi ke nan na ɓata, in saki jiki har wata. Wannan karon washegari na fita tafiyata kamar ba a yi ba. Wannan kam a zuci yake, Yaya ba za ka ƙwace min shi ba.

Yaya Babba: Wannan na bar miki. Amma tara kika ci, ina zaune.

Goggo: To gobe in kun idar da sallah ku biyo ta nan. Sai dai a hankali za mu tafi, kuma ban wuce bakin masallaci.